Ba A Kira Sunan Dabo Mai Ɓeran Masar Ba

Kafin rana ta ɗaga Malam Dabo ya share harabar asibitin dabbobi, ya ɗaure jakar fata a bayan keke, ya kama hanya. Yau Birnin Kudu, gobe Gwaram, jibi Yalwan Damai. Ba likita ba ne, lebura ne mai riƙe ƙafar saniya idan za a yi mata allura. Shekara talatin da ɗoriya yana haka. Ni Hajjo ta Fagam ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a rage mini ko kalma ɗaya.

Shekarar da aka sauya hannun tuƙi, lokacin da arzikin mai ya fara shigowa, kowa rediyo, kowa rufin kwano, maigidana ya kawo wa 'yarmu Kubra ɓeran masar biyu daga Jos. Shan inna ya riƙe mata ƙafa, ba ta fita wasa, su ne ƙawayenta. Tana ɗora su a cinya suna ƙiƙi-ƙiƙi kamar sabon takalmi. Kafin shekara sun zama tara. Kai, zamani mai daɗi!

Da bazara ta kama sai gashin ɓerayen ya fara zuba. Tabarma gashi, zanen Kubra gashi, uwarsu kuwa kwiɓinta ya yi sanƙo. Unguwa ta ɗauka wai kuturta ce. Mai unguwa Barau ya aiko a zuba su a tsohuwar rijiya. Maƙwabciyata Kulu ta kawo baƙin mai na injin niƙa, ta ce a shafe su yadda ake wa akuya mai ƙazuwa. Na shafa wa ɗaya. Kafin la'asar ya mutu. Hannuna ne, ban ɗora wa kowa ba. Kubra ta daina cin abinci.

Ran kasuwa na tare Dabo. Mutane na ta dariya, wai ma'aikacin gwamnati zai duba ɓera. Ya jingine keke ya biyo ni gida, mai unguwa da Kulu ma suka biyo baya. A gaban mai unguwa ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya, ya hura gashin har fata ta bayyana.

"Ranka ya daɗe, duba. Akwai ƙuraje? Akwai ɓawo? Yana susa?"

"Babu."

"To rigar sanyi suke tuɓewa. Kai ma ka ajiye bargonka, wa ya jefa ka rijiya?"

Barau ya ce, "Wannan mai sanƙon fa?"

"Jego take. Tambayi Inna Kulu yadda kanta ya koma da ta haifi Manu."

Kulu ta ce, "Dabo, Allah ya shirya wannan baki naka!" Aka kwashe da dariya, maganar rijiya ta mutu.

Ni ma bai ƙyale ni ba. Ya ce dusa zalla nake ba su kamar tumaki, alhali su sai da ɗanyen ganye kullum, ko zogale ko ganyen dankali daga fadama. Ya miƙa wa Kubra tsohon mataji, ya ce ta riƙa taje su, idan fata ta yi ja ko suka fara susa a aika masa. Daren nan ta cinye tuwonta. Kafin damina ta yi nisa gashi ya dawo luf.

Kai ne, Dabo, mai tsugunawa inda manya ke tsayawa daga nesa. Ku tambayi Hadi na Yalwan Damai wa ya raya masa zomaye.

To ga abin da ya ƙona mini rai. Watan jiya tsofaffin ma'aikatan dabbobi suka yi taro, aka kira sunan mutum arba'in, kowa da takardar yabo. Dabo ya sa farar rigarsa, aka riƙo hannunsa don ido ya yi rauni, ya zauna har aka shafa fatiha. Ba a kira shi ba. Da na tambaya, wani mai tumbi ya ce, "Au, mai ɓera? Ai lebura ba ya cikin jeri."

Na gode, Malam Dabo, Allah ya biya ka. Ku yaran yanzu masu farar riga, ku koyi tsugunawa a wurinsa. Ku kuma masu jeri, yana nan Gwaram da ransa. Ku kai masa takardarsa, ku kira sunan da ƙarfi, kunnensa na ji. Idan kuka jira sai ranar ta'aziyya, ni za ku tarar a bakin zaure, kuma wallahi ba za ku shiga ba.