Waken da Baba Ya Ajiye na Iri

A shekarar da na gama kwalejin horon malamai, ni yarinya ce mai yawan zancen zuci, ko tururin tukunya na kalla sai na tsara masa baiti. Aiki bai samu ba, ga shi mun baro Randagi mun dawo cikin garin Birnin Gwari saboda halin da daji yake ciki, sai na kafa kaskon ƙosai a bakin tasha. Ina ji da tsabtata ƙwarai, domin kwanona kullum a rufe yake, man suyata kuma ba ya kwana.

Wata rana wakena ya ƙare, sai na buɗe buhun da Baba ya barbaɗe da maganin ƙwari ya ajiye na iri. Inna ta ce kada in taɓa, na amsa mata cewa zan wanke shi tas, kuma ai wuta tana kashe komai. Na ji warinsa a hannuna, amma na ci gaba da surfe.

Wadda ta fara saye da safe wata dattijuwa ce Bafulatana mai tallan nono, da nake kira Goggo. Kullum tana tsokanata wai ƙosan 'yan boko ƙanana ne kamar rubutunsu. Ta ci da zafinsa ba komai a cikinta. Direbobin da suka saya amai ya kama su a gari, kusa da asibiti. Ita kuwa a hanyar ruga ciwon ya kayar da ita, sai wani mai babur ya tsince ta ya kawo asibiti. Da labari ya iso ni na je na gaya wa likita abin da ke cikin waken.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ranar da ta iya zama ta dube ni ba faɗa, ta ce, “'Yata, ban taɓa tambayar ki abin da kike zubawa a kasko ba, don na ɗauka ke kina tambayar kanki.” Har yau muna gaisawa, amma ba ta ƙara tsayawa wurina ba.

Na gane cewa wuta ƙwayar cuta take kashewa, ba ta kashe guba. 'Yan uwana masu sana'ar abinci, hatsin da aka sa wa magani don shuka na ƙasa ne, kada ya shiga tukunya. Mai miƙo miki hannu amana ya ba ki, kuma ba ki san nisan hanyar da zai bi bayan ya ci ba.