Malam Ya Ƙara wa Katako Wuta

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na wajen Ruma muka dawo cikin Batsari, hankalina duk yana kan buhun irin wakena. Jan wake ne ƙanana, mai saurin nuna, daga hannun mahaifiyata na gaje shi, ban kuma taɓa ganin irinsa a kasuwa ba. A ƙauye rumbu ke riƙe mana shi. Gidan hayar da muka samu kuwa babu rumbu, sai wani ɗan ɗaki a bayan madafi, ƙasansa na tsatsafo da ruwa da damina, gara kuma ta mai da bangonsa hanyar zuwa kasuwa.

Na ce wa Malam, maigidana ke nan, a samo abin da za a ɗora buhuna a kai. Da ya je Safana sai ga shi da wani faffaɗan katako ɗaure a bayan babur, iska na neman tashi da su duka. Irin na kamfani ne, falle-falle da aka manne da gam, sumul, launinsa kamar bayan gurasa. Kafintan da ya sayar masa ya gaya masa gasasshe ne, wai a can ake rufe shi a ɗaki mai zafi har ruwan jikinsa ya fita, shi ya sa gara ba ta marmarinsa, laima ba ta saurin kama shi.

Malam ya jingine shi a bango, ya ja da baya yana kallo.

"Wanga ne gasasshe? Ina baƙin?"

Na ce, "Malam, tunda masu shi sun ce sun gasa, a bar shi mana."

"Ke me kika sani a itace ban da hura shi? Yaran kamfani tsoron wuta suke. Sun nuna masa ita daga nesa, sun ɗauke."

Gaskiya yana da inda ya kama. A ƙauyenmu ba a kafa dirkar rumfa ko ƙafar rumbu sai an babbake gindinta ya yi baƙi ƙirin, kuma haka take shekara da shekaru a ƙasa gara na kewaye ta. Mahaifinsa ya yi, shi ma ya yi. Sai dai waccan dirkar ta itacen ƙirya ce da Allah ya halitta dunƙule, ba wanda ya haɗa ta da gam.

Bayan la'asar ya tara kara a tsakar gida ya kunna, ya kama katakon yana juya shi kamar mai babbakar kan rago. Wani wari ya tashi mai shiga ido. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana toshe hanci.

"Lafiya, 'yar'uwa? Taya kuke ƙonawa?"

"Lafiya lau. Malam ne ke ƙarasa wa Turawa aikinsu."

Katakon ya fara ƙuraje, ya kumbura, gefensa ya buɗe kamar bawon albasa. Na nuna masa. Ya ce mugun ruwan da suka bari ne ke fita. Da ya yi baƙi yadda ransa ke so, ya danne shi da turmina ya kwana, wai ya miƙe.

Washegari ya ɗora shi a kan bulo ta kusurwoyi, ya fara aza buhun wakena, sannan ya jibga na gero a kai. Ya ware geron da za mu ci, ya sa wa ɗakin kwaɗo, makulli ya shige aljihunsa, don a cewarsa hannun mata ba ya ganin hatsi ya ƙyale.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Kullum sai na ce a buɗe a duba, kullum sai ya ce katakon da ya ci wuta sau biyu ba ya buƙatar gaisuwa. Sai da lokacin shukar wake ya zo ya buɗe. Katakon ya lotsa ta tsakiya ya zauna daram cikin laima, fallayensa sun rabu kowa ya kama gabansa. Wakena ya tsiro ta jikin buhu, fari sol, sauran ya yi fumfuna. Geronsa da ke sama ko gezau.

Na zauna a ƙasa ina tsince masu rai ɗaya-ɗaya. Abin da na samu bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Malam na tsaye a kaina, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce tsakiyar ce wuta ba ta kama sosai ba.

Na ɗauki ƙwaryata na tashi. Na aika wa ƙanena da ƙwaryar a Wagini, ya shuka a gefen gonarsa, Allah ya sa ya yi. A shekarar ko ƙwaya ba ta shiga tukunya ba, duka iri na mayar. Malam ya ci waken kasuwa har wata kaka, yana mitar tauri, ni kuwa ina ƙara masa a kwano.