Mai Awo da Hanyar Ruwa

Shekara talatin mai awon fili yana aiki, bai taɓa kafa turke ba sai ya ga inda ruwan sama ke bi. Har tsiya ake masa, wai ruwa ne ubangidansa.

Da 'yarsa ta zana gidaje ɗari uku a bayan gari, masu wutar sola, sai ya ce ta dakata.

"Baba, kwamfuta ta gama lissafi."

"Ita ta taɓa jiƙewa?"

Ranar da aka sheƙa ruwa suka tuɓe takalma, suka bi sawunsa. Ta tsakiyar gida bakwai ya ratsa. Ta goge su, ta mayar da wurin lambu.

Yanzu can yake shan iska. Ruwa na wucewarsa, bai taɓa cin bangon kowa ba.