Tallar Maganin Jini a Tsakar Gida

'Yata tana da shekara huɗu lokacin da likita ya gaya mana jininta ya yi ƙasa. Ba ta magana a lokacin, ba ta son a taɓa ta ba zato, kuma duk abincin duniyar nan uku kawai take yarda su shiga bakinta: kindirmo, kunun gyada, da farar shinkafa wadda ko mai bai gifta ta kanta ba. Likitan ya rubuta mana maganin ƙarin jini na ruwa, kullum sau ɗaya, ya ce mu dawo bayan wata biyu. In jinin bai hau ba, sai an kwantar da ita an ɗaura mata ledar jini. Na dubi yarinyar da sai mutum uku sun taru kafin a yanke mata farce, na hango ta a raina kwance da allura a hannu.

Ni malamar firamare ce a Jimeta, na saba juya aji cike da yara, don haka na ɗauka cokali ɗaya ba zai gagare ni ba. Ya gagare ni. Ranar farko ta tofar, washegari ta datse haƙora, rana ta uku muka danne ta ni da babanta, na toshe mata hanci kamar yadda aka yi mana muna yara. Maganin ya shiga, ya dawo tare da shinkafar rana, ita kuma ta yini a bayan ƙofa ba ta yarda na matso ba. Sai na yi dabarar da har yau nake jin haushin kaina a kanta: na zuba shi a kunun gyada. Kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye kofin. Daga ranar ta daina shan kunu, ko wa ya dama. Abinci uku ya koma biyu, kuma ni na jawo.

Ana cikin haka surukata, wadda duk gidan ke kira Dada, ta zo daga Bako ta sauka a wurinmu a Damilu. Dada ba ta faɗa, kallo take yi, kuma ni na fi son a zage ni da irin kallon nan nata. Kwana biyu tana zaune a tabarma tana lura da mu.

Akwai wata mai nono da ke zuwa mana kowace safiya. In ta sauke ƙwarya ta ɗage faifai, takan ɗebi kaɗan a ƙaramin ludayi ta miƙa a ɗanɗana kafin a saya, kamar yadda duk masu nono ke yi. Tun tuni 'yata ta ƙwace wannan aiki daga hannuna. Ita ke fitowa, ta leƙa, ta sansana, ta lasa. In ta gyaɗa kai mu saya. In ta girgiza, mai nono ta rufe ƙwaryarta ta ce sai gobe, ba ta taɓa matsa mata ba. Ni abin dariya na ɗauke shi.

Rana ta uku, bayan mai nono ta fita, Dada ta kira ni.

"Malama, yarinya nan ba ya ƙin abu," in ji ta da irin Hausarta. "Dole ne ba ya so. Mai nono yana tambaya shi, ke ba ki tambaya."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ce. Na gaya wa maigida cewa mahaifiyarsa na so in koma talla da takardar shaidar malantata, ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma mako biyu sun wuce, kwalbar na nan kusan cike.

Na samo ƙwarya da faifai da ɗan ludayi. Na sa kwalbar a ciki a fili, ba ɓoye-ɓoye, na auna maganin da sirinji yadda likita ya ce na zuba a ludayin. Na fita ƙofar gida, na ɗora ƙwaryar a ka, na yi sallama na shigo ina cewa a sayi magani. Maƙwabciyata, wata 'yar Numan da ke aiki a sakatariya, ta tsaya da jaka a hannu tana tambaya ko na bar koyarwa ne. Ban kula ta ba.

'Yata ta fito. Ta leƙa, ta sansana, ta girgiza kai. Nan ne aikin yake, domin hannuna har ƙaiƙayi yake in cafke ta. Na ji idon Dada a ƙeyata. Na rufe faifai, na ce sai gobe, na fita. A zaure na tsaya na share hawaye.

Kwana biyar muna haka. Dada ta koma Bako, ni na ci gaba, ina ƙirga ranakun da suka rage mana kafin asibiti. Rana ta shida ta sa bakin harshe a ludayin, ta yamutsa fuska kamar wadda ta ciji tsamiya, ta tafi abinta. Rana ta takwas ta karɓi ludayin da hannunta, ta daɗe tana kallonsa, ta shanye, ta gyaɗa kai. Guɗa ta taso mini har wuya, amma ƙara na firgita ta, sai na shige kicin na yi rawata shiru ni kaɗai tsakanin tukwane.

Ba kullum take sha ba. Wata ran ta girgiza kai, in rufe in tafi, kuma washegari ta sha. Ranar da nake da taron safe a makaranta, maigida ke tallar. Mutumin da masinja ke buɗe wa ƙofa a ofis, sai ga shi da ƙwarya a kan hula yana sallama a gidansa, kuma tun daga nan bai ƙara yi mini dariya ba.

Da wata biyu suka cika muka koma asibiti. Ɗaukar jinin gwaji ma sai da muka yi gumi. Likitan ya duba takarda, ya sake dubawa, ya ce jini ya hau, ba maganar gado, mu dai ci gaba. Ya tambaya yadda muke ba ta. Maigida ya hau kallon silin, ni na ce talla muke yi.

Hanyar fita ta bi ta gaban ɗakin yara. Ta taga na hango gadaje, da ledojin jini rataye, da iyaye mata zaune jugum. Na yi musu addu'a a zuciyata. Muka wuce ƙofar ɗakin ba mu shiga ba, 'yata na gaba tana tafiya da ƙafafunta.