Faifan Anti Mariam Ba Dutsen Awo Ba Ne

Ranar Talata, 15 ga Oktoba 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Anti Mariam Harouna a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan jinyar mako biyar ta ciwon daji. Shekararta arba'in da bakwai. Na Allah muke dukkanmu, kuma wurinSa za mu koma.

Anti, na so in rubuta miki ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ta dace da mutanen kirki. Sau uku ina farawa ina gogewa. Abin da ke ƙirjina fushi ne, kuma ke kika hana ni haɗiye shi.

A zaman makokinki na ji yabon da aka yi miki. Wani ya ce ke kaɗai kike ɗaga katon biyu na wandunan jins. Wani ya ce bai taɓa ganin mace mai damtse irin naki ba, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Shekara tara kika yi a cikinmu, muna kiran ki Basamudiya a bayan idonki, kuma iyakar abin da muka sani ke nan.

To ga abin da ba a faɗa ba. An haife ki a arewacin Suwidin, mahaifinki mutumin Maraɗi da karatu ya kai shi can, mahaifiyarki 'yar ƙasar. Kina shekara goma sha uku kika fara jifan faifai: wani abu ne zagayayye mai bakin ƙarfe, a tsaya da shi cikin da'ira, a juya sau ɗaya da rabi, a sake shi. Kin gaya mini wata shida na sanyi a cikin ɗaki kike jifa, raga tana tare shi, ba ki ganin inda zai sauka sai ƙanƙara ta narke. Shekara goma sha ɗaya kika yi kina sa rigar ƙasar, ruwan ɗorawa da shuɗi. Sau huɗu kika zo ta ɗaya a ƙasar baki ɗaya. A wata gasa ta Turai kika zo ta huɗu, tsakaninki da lambar tagulla bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma ko da kike ba ni labarin bayan shekara ashirin sai da kika gwada mini tazarar da yatsunki. Jifanki mafi nisa mita sittin da uku. Da kafaɗa ta ƙi, kika bar fili kika zo nan kina duba ɗinkin kayan motsa jiki a masana'antun Xintang kina aika wa shagunan can gida. Abu ɗaya kika taho da shi daga waccan rayuwar: faifan da ya yi mita sittin da uku, kin rubuta adadin a cikinsa da hannunki.

Ni na zo garin nan ina amarya shekara biyu da suka wuce. Mijina Sabiru yana fita da safe, ni ina hawa na goma sha huɗu a bayan titin Huanshi Lu, daga ni sai littattafan soyayya. A cikinsu mace siririya ce, ta yi kuka, wani ya zo ya share mata hawaye. Ina jiran rayuwata ta fara kamar haka. Sai ga ki kin buga ƙofa da Hausarki ta Maraɗi mai karyewa: "Ɗiyata, tashi. Wanda kike jira a littafin nan ba shi zuwa. Sa takalmi." Ke kika nuna mini hawa jirgin ƙasa, kika koya mini cewa "meyo", wato "babu" da yaren garin, idan mai shago ya matsa mini da abin da ba na so. Ranar da na yi ɓari, ke kika goya ni kika sauko da ni hawa goma sha huɗu saboda lif ya tsaya. Ban manta ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Akwai wani Alhaji mai siton tura kaya a unguwarmu. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Bara rigima ta tashi tsakaninsa da 'yan kasuwa, suna cewa sikelinsa na ƙari. Kina wurin, kika ciro faifanki daga jaka kika ɗora, kika ce kilo ɗaya ne cif, alƙalan wasa sun auna shi ya fi sau ɗari. Sikeli ya nuna ƙari, aka gyara, rigima ta mutu. Daga ranar babu wanda yake yarda a auna masa kaya sai an fara ɗora "kilon Anti". Alhaji ya roƙi aronsa na mako guda. Faifan ya shekara a can.

Da kika kwanta asibiti kika aika a kawo miki shi. Aka ce gobe. Kika sake aikawa, aka ce lokacin babban baje kolin garin nan ya gabato, aiki ya yi yawa. Karo na uku ni kika gaya wa, muryarki da ƙyar take fita. Kika ce so kike ki riƙe shi sau ɗaya, sannan a ba 'yarki Nana Khadija, wadda ta fara jifa a makarantarsu a Suwidin. Ni kuma me na yi? Na gaya wa Sabiru, Sabiru ya gaya wa Alhaji, Alhaji ya ce gobe. Ban je da kaina ba, wai don kada a ce matar Sabiru ta shiga sito tana gardama da maza. Na zauna ina jiran wani ya yi, kamar matan littattafaina. Kika tafi hannunki wayam. Ina fushi da Alhaji, amma fushin da nake yi da kaina ya fi.

Nana Khadija ta zo da kawunta, aka yi miki sutura ranar Juma'a. Jirginsu Litinin. Ranar Lahadi na sa takalmi na ce wa Sabiru ya kai ni sito ko in tafi ni kaɗai. Ya dube ni, ya ɗauki makullinsa.

Na tarar da faifan a kan sikeli, ya yi ƙura, an manna masa salatif a kan rubutunki an zana kilo ɗaya da baƙin alƙalami.

Alhaji ya ce, "Amarya, Allah Ya ba mu haƙuri. Ki bari baje koli ya wuce, ni da kaina zan sa shi a kwantena."

Na ce, "Alhaji, kwantenarka Tema da Kwatano take zuwa. Yaushe ta fara biyawa ta Suwidin?"

'Yan kasuwar da ke jira suka yi dariya. Ya ɓata rai ya ce, "Ai ƙarfe ne kawai. A saya wa yarinyar sabo."

"To ka saya wa sikelinka sabo."

Na miƙa hannu na ɗauke faifan. Babu wanda ya tare ni. A mota na ɓare salatif ɗin a hankali da farce, sittin da uku ɗinki na nan. A ranar na damƙa shi a hannun 'yarki.

Washegari Alhaji ya aiko wa Nana Khadija wandunan jins biyu, wai tsaraba. A filin jirgi aka ɗora akwatinta, ma'aikaciya ta ce ya ɗara da kilo ɗaya, sai an rage. Yarinyar ta durƙusa ta buɗe. Faifan na naɗe cikin mayafinki. Ta ciro wandunan nan biyu ta miƙa wa Sabiru, ta ce da 'yar Hausar da ta gada a wurinki, "A maida mishi." Aka sake ɗorawa, awo ya yi daidai.

Anti, faifanki ya tafi gida. Ban kawo miki shi kina da rai ba, ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya nauyaya mizaninki da alherin da kika yi mana, wanda muka gani da wanda ba mu tsaya mun duba ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nana Khadija, da mahaifiyarki a Suwidin, da danginki na Maraɗi. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa albarka a hannun yarinyar nan. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Faridatu Sabiru
Guangzhou