Ƙauyenmu a Gefen Layin Dogo

Mu a Birnin Gwari ba mu da jirgin ƙasa. Ko tsohon ƙarfensa babu. Ni a waya na taɓa ganinsa, shi ma rabi, data ta ƙare. Amma da aka ce za a yi baje kolin aikin hannu na matasa a Kaduna, har da gasa, sai abokina mai gyaran waya ya buga tebur ya ce jirgin ƙasa za mu haɗa, ƙarami, da layinsa da tashoshinsa, ya ratsa dajinmu.

Na ce, "Mutumina, kai da caja ma sai ka tofa mata addu'a take kamawa?"

Ya ce in rufe masa baki. Tare muka taso da shi. Shi ya ƙarasa sakandare, ni kuwa leƙa ta na yi, na gaishe ta na wuce. Ya jawo mana wani kafinta ɗan Gwari, shiru-shiru, wanda in ya yi magana da safe to ya gama ta yini. Muka zama mu uku a bayan shagon waya.

Ranar farko abokin nawa ne da bakinsa ya kafa doka. Ya ce, "Wannan dajin namu ne. Ba bindiga, ba mashin mai goyon mutum uku. Yadda muke so ya zama, haka za mu yi shi." Muka tafa a kan haka. Wallahi har na ji ya burge ni, na fasa tsokanarsa na wuni guda.

Kafinta ya yanka falanki gida uku, yadda za a ɗauka a mota a haɗa a can. Abokina ya ɗauki gari da tasha. Kafinta ya ɗauki daji da gada. Ni na ce a bar mini ƙauye.

Layin dogo da wayar keke muka yi, muka jera tsinken tsire a ƙarƙashinsa. Mai tsiren bakin tasha ya gaji da ni, ya ce bai taɓa ganin mai zuwa neman tsinke ya bar nama ba. Taragu gwangwanin kifi ne, sai da muka wanke su da toka, amma har aka gama jirginmu yana ƙarni, maguna suna raka shi. Inji kuwa na tsohuwar rediyo mai kaset ne. Farkon gwaji jirgin da baya ya tafi. Na ce ai ya san hanyar, tsoro yake ji. Itatuwa da soson katifa kafinta ya yi su, ya rina kore, ya soke a busassun rassan sabara. Duwatsu da ƙasar suri. Rafi da shuɗiyar leda.

To ƙauyen da na ce, ba wani ƙauye ba ne, namu ne, can bayan Randagi. Mutanen daji sun ƙone shi, muka taho gari da abin da ke jikinmu. Ni na iya mayar da komai wasa, har wannan ma nakan ce ai mu ci gaba muka samu, daga aci-balbal zuwa rashin wutar lantarki. Inna kuwa tun da muka taho ba ta ƙara kiran sunan garin ba.

A tsakar gida nake aikina. Kwanaki Inna tana wucewa ta gefena da tsintsiya. Rannan sai ta tsaya a kaina.

"Wa ya ce maka rumbu a nan yake?"

"Inna, ai injiniya ba a yi masa gyara."

"Injiniyan ƙaniya. Bayan ɗakin babanka yake. Tsamiyar nan kuma matsar da ita gabas, ta nan rana ke fito mana."

Daga nan ta karɓe aikin, ni na koma ɗan aike. Ta nuna mini inda rijiya take, da gidan mai unguwa, da dangar da akuyar maƙwabta ke ɓarkewa. Jinkar ɗakuna ita ta yi da hannunta, da ƙananan ciyayi da zare, kowace kamar hular jariri. Tana yi tana kiran sunayen masu gidajen, wasu suna Kaduna, wasu suna ƙasa. Na sa ƙaramar tasha a bakin ƙauyen, na ce mata ga inda za ta hau jirgi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da za mu tafi ta ce, "Ka nuna musu. Su san mu ma da gari muke, ba daga sama muka faɗo ba."

A Kaduna aka ba mu tebur a wani babban zaure. Muka haɗa falankin, jirgi ya kama zagaye, wannan karon da gaba. Yara suka zo suka kalla. Manya kuwa kallo ɗaya, su wuce wurin masu jirgin sama mai tashi. Can sai ga wani mai kyamara da kati a wuya.

"Ina ne nan?"

Na ce, "Birnin Gwari, yallaɓai. Tikiti kyauta, amma a zo da abin toshe hanci."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Birnin Gwarin da na sani? Wannan ai gidan gona ne. Ina abin?" Ya ɗaga kafaɗa ya yi gaba. Na raka shi da gwalo. Abokina dai ya bi bayan mutumin da ido.

Washegari da safe ya ce batir ya yi sanyi, in je in nemo, kuma kada in sayi na bakin ƙofa, jabu ne, in shiga kasuwa. Ni da son yawo, na tafi ina fito. Har na tsaya kallon rigimar 'yan adaidaita.

Ƙauri na fara ji da na dawo. Ƙaurin ciyawa. Duk wanda ya baro ƙauye irin barowarmu ya san shi, ba ya kama da na shara. Sai na ga mutane sun yi dafifi a teburinmu, kowa ya ɗaga waya. Na kutsa.

Jinkar Inna duk ta zama baƙi. An bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya da ashana. An fasa rumbu, an watsa gero. An kwantar da tsamiya. A bakin daji ga wasu 'yan mutum-mutumi na wayar ƙarfe a kan mashina, uku-uku, da bindigogin tsinke. Jirgi kuwa yana ta zagayensa, ya zo ya wuce ta gaban tashar Inna, ya koma. Mai kyamarar nan har da durƙuso.

Abokina ya hango ni, baki har kunne. "Yauwa, ga ɗan garin nan! Zo ka yi musu bayani, kai ne mai baki. Ka ga jama'a?"

Bakin nawa da ake faɗa, ranar ban same shi ba. Da ƙyar na ce, "Wa ya ƙona?"

Ya jawo ni gefe. "Haba ɗan uwa, ciyawa ce fa. In mun koma sai a sake wata."

"Kai ka ce ba bindiga."

"Na ce. Ka ga wanda ya tsaya jiya? Kuma tsakani da Allah, ƙarya muka yi? Ba haka aka yi muku ba?"

"Haka aka yi. Amma waɗancan ba su taɓa cin tuwon Inna ba."

Na juya wurin kafinta. Mashinan nan aikin hannunsa ne, na san lanƙwasarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ce a jira ka." Maganarsa ta yini ke nan.

Wata mata mai gilashi ta taɓa ni, wai in faɗa mata yadda na ji ranar da abin ya faru, in kalli waya. Na ce mata ta ɗan matsa. Na sa hannu biyu na zare falankina daga tsakiyar sauran. Layi ya rabu. Jirgi ya taho da saurinsa, ya faɗa ramin, gwangwanaye suka watse a ƙasa. Wasu har tafi suka yi, sun ɗauka cikin shirin ne.

Abokina yana ta kira, "Kai! Ka kashe mu! Alƙalai ba su zo ba!" Ban waiwaya ba.

A kan cinya na riƙo falankin a mota har Birnin Gwari, na lulluɓe da rigata. Duk hanyar nan da ake shiga da salati, ni ban ma lura mun wuce daji ba. Ban kai shi gida ba. A rumfar mai tsire na ajiye, saman kwano, na ce kada ya bari kowa ya buɗe.

Inna tana tankaɗe na shiga.

"Injiniya! Sun gani?"

"Sun gani, Inna. Har hoto suka yi ta ɗauka."

"Jinkar ba ta zube a mota ba?"

"Ko ɗaya."

"To ina yake?"

Na ce manya sun riƙe, wai ya yi kyau da yawa. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tankaɗe tana murmushi.

Bidiyon ya zaga gari, har yau yana yawo. Abokina ya aiko kafinta sau da yawa, wai in zo mu yi magana. Gilashin wayata ya fashe tun da damina, gara in kai wa wani ɗan koyo a bakin kasuwa ya ƙarasa ta. Ƙannena kuwa na tara su na gaya musu, duk wanda ya kuskura ya miƙa wa Inna waya, ni da shi ne. In maƙwabciya ta shigo da waya a hannu tana cewa "Kin ga ɗanki kuwa?", sai in riga ta da surutu, in yi ta zuba har ta manta abin da ya kawo ta.