Gidan Zuhudun da Muka Gina da Labule

Zan iya manta lambar ɗakin da na zauna a unguwar Bin Omran, har ma da sunan titin, amma akwai hoto guda da na ɗauka a Doha wanda ba zai taɓa fita daga raina ba. In na tuna shi dariya ce ke fara zuwa, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

A lokacin ina gadin wani rukunin gidaje a Al Aziziya, kuma ban daɗe da sayen 'yar kyamarar dijital ba, irin mai ƙaramin allo a baya. Cutar ɗaukar hoto ta kama ni sosai, ko kyanwa ba ta isa ta gifta a gabana ba sai na haska mata. Matsalata ɗaya ce, ban yarda da idona ba. Duk abin da na ɗauka sai na bi mutane da shi ina tambaya, "Ya ka gani?"

Abokin gadina ɗan Nepal ne, mutum shiru-shiru, da guntun Turanci da guntun Larabci muke hira. Wata Talata da rana ya zaunar da ni ya faɗa mini damuwarsa. Tun yana ƙarami mahaifiyarsa ta kai shi gidan zuhudu, inda masu ibada a addininsu na Buddha ke keɓe kansu a kan dutse, su aske kai, su yafa jan mayafi, su rabu da duniya. Da ya girma sai ya fita ya zo neman aiki, amma ya kasa faɗa mata, ya ce mata wani gidan zuhudun aka tura shi a ƙasa mai nisa. Yanzu yanar ido ta fara rufe mata gani, ta aiko tana so ta ga hotonsa kafin ganin ya tafi gaba ɗaya. Wani ɗan ƙauyensu zai tafi gida ranar Asabar, shi zai kai.

"Sadik, kana da kyamara," in ji shi. "Ka yi mini gidan zuhudu."

Da ina da hankalin da nake da shi yau, da cewa zan yi ya faɗa wa tsohuwa gaskiya. Amma ni a ranar abin nema ne ya samu, matar falke ta haifi jaki. Nan take na zaro kyamara don gwaji, na taka tiyon ban-ruwa na yi taga-taga, ya fashe da dariya, yatsana ya danna. Fuskarsa ce kawai ta fito, ta cika hoton, da hular gadi a karkace.

Washegari ya yi aski tal-kwabo, muka ciro jan labulen ɗakin gadi ya yafa, na tsayar da shi jikin bango na ɗauka. Na kai hotunan biyu wani shagon wanke hoto a Al Mirqab. Mai shagon dattijo ne ɗan Labanon, gilashinsa kullum a kan karan hanci. Na ce ya duba mini tsarin hoton tsakani da Allah.

"Ka dasa mutum a tsakiya kamar turken lantarki," in ji shi. "Raba hoton gida uku, ka kai shi gefe. Sannan ina ka taɓa ganin gidan zuhudu ba dutse? Sa dutse a baya, sa wani abu a gaba, ido ya samu hanyar shiga." Ya ɗaga na gwajin da yatsa biyu ya ce, "Wannan kuwa fuska ce kawai, sai fasfo. Yalla, je ka sake."

Dutse a Doha! Garin da yake a shimfiɗe kamar faifai. Sai dai a shekarun nan duk inda ka juya gini ake yi, kuma a bayan rukuninmu akwai wani tulin tsakuwa da ya fi bene tsawo. Na ce to, Allah ya kawo dutse.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma da na koma Bin Omran sai na nuna wa Alhaji, babba a ɗakinmu, Bakano ne direban wani Balarabe. Ya riƙe hoton ya yi salati.

"Kai bawana, Bazazzagi dai Bazazzagi ne. Uwa za a aika wa wannan? Ba takalmi, ba agogo, kafaɗa a waje? Ai sai ta ce ɗanta ya zauce a ƙasar mutane."

"Alhaji, su fa guje wa duniya suke yi."

"To ya guje ta da agogo a hannu mana. A ga cewa don ganin dama ya bar ta, ba don babu ba."

Wallahi a lokacin maganar ta shige ni. A wajenmu ai haka ake yi, wanda ya je ƙasar waje ba ya aika hoto gida sai an gan shi daga hula har takalmi, ya jingina da mota ko da ta maƙwabci ce. Na haɗa shawarar ɗan Labanon da ta Bakano, ban zubar da ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a da safe muka hallara a gindin tulin tsakuwa. Abokina ya yafa labule, ya ɗaura agogon Alhaji mai ruwan zinare, ya zura sau-cikin Alhaji da ya yi masa yawa har yana jan ƙafa. Muka yayyanka tsofaffin riguna muka jera a igiya, wai tutocin addu'a irin na ƙasarsu. A gaba na ajiye furen roba, don ido ya samu hanyar shiga. Alhaji ya kawo farar jif ɗin kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake wa tuƙi, ya faka a gindin dutsen namu, ya ce dole ta fito har taya. Sannan ya gyara babbar riga ya tsaya jikin ƙofa.

"Alhaji, kai kuma fa?"

"Mota ba direba? So kake a ce sato ta ya yi?"

Haka muka samu mai gudun duniya na farko da yake da direba. Na kai abokina can gefe kamar yadda aka koya mini, na fara ja da baya. Dutse bai shiga ba, na ƙara ja. Tayar baya ta yanke, na ƙara. Ga ƙugiyar injin ɗaga kaya ta leƙo ta saman tulin, ga iska tana ɗage labule wandon gadi yana bayyana, ga zufa tana gangarowa daga sabon aski. Daga can nesa na ji muryarsa a hankali.

"Sadik, ba ka yi nisa ba?"

"Khalas, ya isa, tsaya yadda kake, na san abin da nake yi!"

Har yau kunyar wannan amsa nake ji. Na nemi ra'ayin kowa a Doha, sai mutum ɗaya da ya san tsohuwar, shi ne na ce ya yi shiru.

Ɗan Labanon ya wanke mana babba, ya ce yanzu na fara zama mutum. Alhaji ya ce a yi masa nasa kwafin. Da zan sa a ambulan na ga zai lanƙwashe, sai na cusa hotunan da aka raina a bayansa don su tokare shi. Na yi kwana biyu ina tafiya kamar wanda ya ci gasa.

Bayan kusan mako uku abokina ya buga waya ƙauyensu. Ya dawo bakin aiki ya zauna a kan benci, idonsa ja, yana dariya yana share hanci. Ya ce tsohuwa ta juya babban hoton sama da ƙasa, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, can ta ɗora yatsa a kan Alhaji ta ce, "Shi ne ya yi ƙiba haka?" Ɗan aike ya nuna mata wani jan ɗigo a gefe, bai fi ƙwayar wake ba, ya ce ga ɗanta nan. Ta ƙura ido har hawaye ya zubo, ba ta ga komai ba.

Garin neman gira na rasa ido.

Ya ce amma da ta zazzage ambulan sai sauran suka faɗo. Ta ɗauki na gwajin nan, ta kawo shi dab da hancinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ga shi nan."

"Hular fa?" na tambaya.

"Ta ce tun shekarar da na fita shugaban gidan zuhudun ya taka har ƙofarta ya faɗa mata. Jira take in faɗa da bakina." Ya sake share hanci. "Ta ce, na ce ka aiko mini fuskarka, ka aiko mini mota."

Kafin shekarar ta ƙare ganinta ya tafi gaba ɗaya. Hoton ƙarshe da ta ga ɗanta a ciki shi ne wanda na ɗauka ina shirin faɗuwa, wanda ni da gwanin Al Mirqab muka ce ba hoto ba ne. Da ambulan ɗin mai kauri ne, da ta makance ba ta gan shi ba, kuma da laifina ne.

Har yanzu ina ɗaukar hoto, kuma ban daina neman shawara ba. Sai dai tun daga ranar na koyi cewa kafin in tambayi gwani yadda zan tsara, sai na fara tambayar wa zai kalla, kuma me yake marmarin gani. In an ce mini uwa za a kai wa, matsowa kusa nake yi.